Kama da Wane Ba Ta Wane: Nazari a kan Zancen Fitowar Gobirawa daga Masar

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a Tibiri da Maraɗi, wadda da wuya a watse daga taron al'adu ko bikin naɗin sarauta ba a ji ta ba: wai Gobirawa daga Masar suka fito, jinin fir'aunoni ne. Maroƙi ya faɗe ta, mai lacca ya maimaita, ɗalibin ajin farko na kwaleji kuma, ran da aka iso darasin dala da kogin Nilu, ya ɗaga hannu ya tambayi malaminsa ko haka ne. Malamin da ya amsa da i ya faranta wa yaro rai, amma ya ɗora masa kayan da ba zai iya karewa ba ranar da ya gamu da masu bincike. Wanda ya ce a'a ɗungurungum kuwa ya ƙaryata kakan yaron a gaban aji, ya kuma rufe wata ƙofa da ke da abin dubawa a bayanta. Abin farin ciki shi ne zancen yana da tushe a rubuce, an san marubucinsa, an san shekararsa, an san hannuwan da ya bi. Duk abin da yake haka kuwa ana iya ɗora shi a kan sikeli.

Jimla ɗaya a cikin Infaƙul Maisuri

Rubutun da kusan kowa yake komawa gare shi shi ne Infaƙul Maisuri, littafin da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kammala a 1812, shekara huɗu bayan faɗuwar Alƙalawa a hannun rundunar da shi kansa ya jagoranta. A wurin da yake bayanin ƙasar Hausa, ya kawo ruwayar da ke cewa sarakunan Hausa zuriyar wani bawan Sarkin Barno ne mai suna Bawo, sa'an nan ya ware Gobirawa, ya ce su ƴaƴa ne, asalinsu daga Kibɗawan Masar, sun zauna Asben har Abzinawa suka tura su kudu.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya lura da su. Na farko, batun da ake yi a wannan wuri batun ƴanci da bauta ne, wato wane ne ɗa, wane ne bawa. A zamanin nan wannan tambaya ce ta shari'a da siyasa, mai iya raba mutum da gidansu. Tun a 1615 Ahmadu Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa a kan al'ummun da ya halatta a bautar da waɗanda bai halatta ba. Nasaba a irin wannan duniya garkuwa ce. Bello, wanda aka haifa a 1781 ya kuma tashi a Degel cikin ƙasar Gobir, ya adana abin da ake faɗi a zamaninsa game da darajar gidan sarautar. Shaidar da jimlarsa ta bayar ita ce cewa a farkon ƙarni na 19 ana danganta Gobirawa da Kibɗawa. Ba ta ba da shaidar abin da ya faru shekara dubu biyu kafin nan ba.

Na biyu, kalmar Kibɗawa kanta tana da fuska fiye da ɗaya. Asalinta daga sunan da Girkawa suke kiran Masar ne, Larabawa suka ara suka ce Ƙibɗ. A littattafan tafsiri tana nufin mutanen Fir'auna na zamanin Annabi Musa (AS). A littattafan tarihi tana nufin Kiristocin Masar waɗanda Amru ɗan Asi ya tarar lokacin da ya ci ƙasar tsakanin 639 da 642. A kunnen malamin Musulunci kuma tana tuna Mariyatul Ƙibɗiyya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), abin da ya sa kalmar take da kwarjini. Wanda ya karanta Kibɗawa ya fassara da masu gina dala ya tsallake wannan duka da taki guda.

Kuma Gobir ba ita kaɗai ta nemi kaka a gabas ba. Daura tana da Bayajida na Bagadaza, Sefawan Barno suna da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, mutanen Bargu suna da Kisra, Toronkawa, dangin Bello kansa, suna kai nasabarsu ga Uƙba ɗan Nafi'u. A cikin ruwayoyin Gobir ma akwai mai ambaton ƙasar Larabawa maimakon Masar. Wannan salo ne sananne na fadojin Sudan bayan shigowar Musulunci: gabas ita ce alƙibla, can ne annabawa suka fito, don haka duk gidan da ke son a girmama shi can yake kafa tushensa.

Yadda jimlar ta yi yawo ta dawo

A 1824 Hugh Clapperton ya sauka Sakkwato, ya koma Ingila da wani yanki na rubutun Bello, aka fassara aka buga a 1826. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina, ya sake ambaton zancen. Tafintan ayarin Tilho, Landeroin, ya rubuta ruwayoyin fadojin wannan yanki tsakanin 1906 da 1909. H. R. Palmer ya cika littafinsa Sudanese Memoirs na 1928 da ƙoƙarin haɗa sunayen Sudan da na gabas bisa kamannin sauti kawai. A 1930 C. G. Seligman ya fitar da Races of Africa, inda ya tsaya a kan cewa duk wata wayewa da aka gani a Afirka baƙi ne masu hasken fata suka kawo ta daga arewa maso gabas. Wannan ra'ayi ya yi wa mulkin mallaka daɗi, domin yana nuna cewa baƙar fata bai taɓa kafa mulki da kansa ba, kullum sai an zo an kafa masa. Ruwayar Gobir ta faɗa hannun waɗannan marubuta kamar tsuntsu daga sama gasasshe.

Daga baya iska ta juya. A 1954 Cheikh Anta Diop na Senegal ya buga Nations nègres et culture, yana kare cewa Masar ta dā ƙasar Afirka ce, al'ummarta da wayewarta daga cikin nahiyar suka tsiro. A taron da UNESCO ta kira a Alƙahira a 1974, shi da Théophile Obenga sun tilasta wa masana Masar su sake duba abin da suka gada. Ba duk hujjojinsa suka tsaya ba, musamman kwatancen da ya yi tsakanin harshen Wolof da na fir'aunoni, amma babbar manufarsa ta ci nasara: yau babu mai rubuta tarihin Masar ya cire ta daga Afirka. A Nijar kuma Boubou Hama ya tattara ruwayoyin Gobir a littafinsa Histoire du Gobir et de Sokoto na 1967, aikin da ya ceci abubuwa da yawa daga ɓata, ko da yake aikin tarawa ne fiye da na tacewa.

A nan ne ruɗanin yake. Mai jawabi a taron al'adu yakan ɗauka Diop yake bi idan ya ce sarautar Gobir daga Masar aka kawo ta. Alhali kuwa siffar maganarsa ta Seligman ce: baƙi sun zo daga nesa da ilmin mulki, sun tarar da mutanen ƙasa ba su da shi. Diop ya mayar wa Afirka da Masar. Wancan zancen kuwa yana ƙwace wa Gobir Gobir.

Masar ɗin da ake magana

Kafin a yi kwatance, dole a san abin da ake kwatantawa. An haɗe Masar ta kudu da ta arewa wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya, a ƙarƙashin sarki Narmer. Babbar dalar Giza ta sarki Kufu, mai tsawon kusan mita 146 a lokacin da aka gama ta, an gina ta wajen 2560 kafin Miladiyya. Gidajen sarauta talatin suka yi mulki cikin shekara kusan dubu uku, har da na sarakunan Kush daga ƙasar Sudan ta yau, irin su Piye da Taharka. Daular ta ƙare a hannun Rumawa da mutuwar Kiliyobatara a shekara ta 30 kafin Miladiyya, rubutun zane na ƙarshe da aka sani kuma an sassaƙa shi a tsibirin Filaye a 394. Daga nan aka manta karatunsa sai da Champollion ya warware shi a 1822.

Rayuwar ƙasar a kan ambaliyar Nilu ta dogara. Shekara kashi uku ce: lokacin cikar kogi, lokacin shuka, lokacin girbi, wata goma sha biyu masu kwana talatin talatin da ƙarin kwana biyar. Marubuta ne ƙashin bayan mulki, su ke auna gonaki, su ƙididdige hatsi, su yanka haraji. Mace tana mallakar dukiya, tana kai ƙara gaban alƙali, har wata, Hatshefsut, ta hau gadon sarauta. Addininsu na alloli da yawa ne, Ra na rana, Osiris na lahira, Isis, Horus, Amun, amma abin da ya ɗaure su duka shi ne Ma'at, wato gaskiya da adalci da daidaiton duniya, wanda kiyaye shi ne aikin sarki na farko. Sun yi imani cewa za a auna zuciyar mamaci da gashin tsuntsu a gaban alƙalai 42. Saboda lahirar nan ne suke busar da gawar manya cikin kwana saba'in, su naɗe ta, su rubuta mata addu'o'i a bangon kabari.

To, me ke cikin wannan da aka tarar a Gobir? Hujjar da aka fi kawowa ita ce tsagar da ake kira takin kaza, wadda Hogben da Kirk-Greene suka ambata a littafinsu na 1966 a kan masarautun arewacin Nijeriya, cewa tana kama da alamar da ke ƙarƙashin idon fir'aunoni. Sai dai abin da ke idon Misirawa a zane-zanensu kwalli ne, irin tozalin da ake sayarwa a kasuwar Maraɗi, alamar da ke ƙarƙashin idon Horus kuwa zanen fuskar shaho ce. Wannan aikin maciyin kwalli ne, wancan aikin askar wanzami. Hujja ta biyu ita ce Inna ta Gobir, da takwararta Iya ta Maraɗi, mace daga gidan sarauta mai riƙe da al'amuran bori da na mata, wadda ake kwatantawa da gimbiyoyin da ake keɓe wa Amun a birnin Tebes. Kamannin yana nan, amma Barno tana da Magira, Asante tana da uwar sarauta mai zaɓen sarki, ba wanda ya ce daga Tebes suka zo. Inda duk sarauta ta haɗu da noma da tsoron fari, akan sami sarkin da ake danganta lafiyar damina da shi, da mace mai tsaya masa tsakaninsa da iskoki. Abubuwan da suka keɓanta da Masar kuwa, rubutun zane, busar da gawa, ginin dutse, sunayen allolinta, gicciye da littattafan cocin Kibɗawa, masu wannan da'awa ba su gabatar da ko ɗaya daga Birnin Lalle ko Alƙalawa ko Tibiri ba.

Abin da shaidu suka tabbatar game da Gobir

Tarihin da ke da madogara bai gaza wancan daraja ba. A ƙarni na 9 Yaƙubi ya ambaci wata ƙasa mai suna Maranda, wadda masana suke dangantawa da Marandet ta kudancin Agadas, a kan hanyar fatake tsakanin Gawo da Masar. A 1353 Ibn Battuta ya sauka Takadda, ya rubuta cewa ana kai tagullarta wata ƙasa mai suna Kubar, sunan da ake karantawa Gobir. Tsakanin wannan ambato da mutuwar Kiliyobatara akwai shekara kusan 1,400 da babu wata shaida da ta cike su. Daga Asben Gobirawa suka gangaro Birnin Lalle a yankin Dakwaro na yau, suka matsa har ƙasar Zamfara, inda Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, Bawa Jan Gwarzo ya kai daular ƙololuwarta. Bayan 1808 suka yi shekaru suna gwagwarmaya, har yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama. A bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tibiri kusa da Maraɗi, garin da Katsinawan Ɗan Kasawa suka mayar da mazauninsu wajen 1819. Al'ummar da aka rushe birninta, aka kashe sarkinta, ta sake kafa gari ta riƙe sarautarta har yau, ba ta rasa abin tinƙaho ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Dangantakar gaskiya

Duk da haka kakan yaron nan bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin akwai igiyoyi uku na gaske tsakanin ƙasar Hausa da kwarin Nilu.

Ta farko harshe ce. Tun aikin Joseph Greenberg, wanda ya kammalu a littafinsa na 1963, masana sun yarda cewa Hausa, tare da sauran harsunan Cadi, gida ɗaya take da tsohon harshen Masar, da Larabci, da Tamashek, da Somaliyanci. Misirawa baƙaƙe kawai suke rubutawa: mwt shi ne mutu, fdw shi ne huɗu, qs shi ne ƙashi, ns, wanda Kibɗawa suke furtawa las, shi ne harshe ko halshe. Harafin k da suke liƙa wa suna don nuna mallakar namiji shi ne na gidanka, t ta mace ita ce ta Hausa, n mai haɗa suna da suna shi ne na gidan sarki. Amma rassan wannan gida sun rabu dubban shekaru kafin Narmer, don haka Hausa ƴar'uwar harshen fir'aunoni ce ta nesa, ba ɗiyarsa ba. Bugu da ƙari, gadon na duk mai magana da harshen ne. Manomin Jiratawa daga zuriyar Anna yana da rabo a ciki daidai da ɗan sarkin Tibiri, haka Buzun da ya kori Gobirawa daga Asben.

Ta biyu ita ce Sahara kafin ta bushe. Tsakanin shekara kusan 11,000 da 5,000 da suka wuce, tafkuna da ciyawa ne a inda rairayi yake yau. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus, da maƙabartar Gobero da ayarin Paul Sereno ya gano a Tenere a shekara ta 2000, da kaburburan shanu na Nabta Playa a kudancin Masar, duk shaidun duniyar masunta da makiyaya ce guda mai faɗi. Da ruwa ya janye, wasu suka nufi Nilu, wasu tafkin Cadi, wasu kudu. Idan akwai kakanni na tarayya, a nan suke, tun ba a san Fir'auna ba.

Ta uku ita ce Masar ta Musulunci. Alhazai da fatake sun bi ta Alƙahira ƙarni bayan ƙarni. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda aka tona a 1907 da 1992, sun fito da kayan ƙarfe da aka shigo da su daga ƙasashen Musulmi na gabas, sarautar Durɓi kuwa tana nan a fadar Maraɗi. Ta wannan hanya ce sunan Masar ya shigo fadojin Hausa da girmansa, kuma nan ya fi dacewa a nemi mafarin ruwayar Kibɗawa.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Malamin tarihi a Maraɗi yana da abin da takwaransa na Faransa ba shi da shi: ɗalibansa sun san kogin da ke cika ya janye ya bar laka. Gulbin Maraɗi ya ciyar da fadamar Jiratawa da Tibiri, ya kuma cinye tsohon garin Maraɗi a ambaliyar 1945, har aka hau tudu aka sake gini. Kamar yadda madatsar Aswan, wadda aka gama a 1970, ta kawo ƙarshen ambaliyar Nilu a Masar, haka madatsar Jibiya ta sauya tafiyar Gulbi. Yaron da ya ga yadda ake rabon ruwa a gonakin rani na Jiratawa zai gane dalilin da ya sa mamacin Masar yake rantsuwa a gaban alƙalan lahira cewa bai tare ruwa a lokacinsa ba, wanda ya san tiya a kasuwa kuma zai gane rantsuwarsa cewa bai tauye mudu ba. Su kansu malamai ba za su rasa murmushi ba idan suka ji cewa yajin aiki mafi tsufa da aka rubuta labarinsa na masu sassaƙa kaburburan sarakuna ne, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, saboda hatsin albashinsu ya makara. Irin wannan kwatance yana buɗe ido, muddin an gaya wa ɗalibi cewa kwatance ne, ba nasaba ba.

Haka nan batun sunan Fir'auna, wanda a kunnen ɗan Maraɗi yake nufin azzalumi. Asalin kalmar a harshen Masar babban gida ne, kamar yadda Bahaushe yake cewa fada ta yi umarni yana nufin sarki. Alƙur'ani ya yi magana a kan sarki guda da ya yi girman kai a gaban Annabi Musa (AS), mai mulkin zamanin Annabi Yusufu (AS) kuma da sunan sarki kawai ya kira shi. Zaluncin mutum ɗaya ba ya hana a karanci al'ummar da ta rayu shekara dubu uku, kamar yadda karanta addininta ba bin sa ba ne.

Su kuma ƙungiyoyin al'adu, aikin da ke jiransu yana bakin ƙofa. Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas sun rubuta abin da suka gani na al'adun Anna, da sarautar noma, da bori a wannan kwari, a littattafansu na 1975 da 1972, amma da Faransanci, kuma tsofaffin da suka ba su labari sun tafi. Jerin sarakunan Gobir kamar yadda makaɗan fada suke riƙe da shi, ayyukan Tara ta Gobir masu zaɓen sarki, kirarin sarautu, sunayen kufai da rijiyoyi tsakanin Birnin Lalle da Tibiri, duk suna bukatar a ɗauke su da Hausa, a rubuta sunan mai ba da labari da garinsu da ranar da aka ɗauka, a ajiye kwafi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar CELHTO ta Yamai. Ruwayar Kibɗawa ma a ɗauke ta yadda take, da duk bambance-bambancenta, domin ita kanta abin tarihi ce: tana nuna yadda wata fada ta kare mutuncinta a zamanin da asali yake iya zama tsakanin mutum da igiyar bauta.

Amsar da ta dace da ɗalibin nan ke nan: kakansa ya riƙe masa magana mai shekara fiye da ɗari biyu, an san inda aka rubuta ta da abin da ta yi wa masu ita amfani, amma ba a sami sawun tafiyar ba. Abin da aka samu yana cikin bakinsa, duk lokacin da ya ƙirga ya kai huɗu.